Yadda Ake Gane Kujerar Zamanin Biktoriya Ta Asali Kafin A Biya Kuɗi

Ranar da gidan gwanjo a Ingila ya buɗe ƙofa don a zo a duba kaya kafin ciniki, masu saye kashi biyu ne. Wasu za su tsaya gaban kujera su shafa yadinta, su zauna, su jingina, su gyaɗa kai. Wasu kuwa sai su nemi izinin ma'aikaci, su durƙusa, su kife kujerar ƙafafu sama, su kunna tocila su yi ta leƙe kamar masu neman allura. Waɗannan na biyun su ne ba a cika cuta ba. Fuskar tsohuwar kujera kowa na iya gyara ta: a sake yadi, a sake baƙin rini, a liƙa mata suna. Ƙasanta ne ba ya karɓar kwalliya, domin can ne kafintan da ya yi ta, da duk wanda ya taɓa ta bayansa, suka bar sawunsu.

Da farko ka san abin da kake nema

Sarauniya Biktoriya ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Shekara 63 ke nan da ɗoriya, saboda haka in dillali ya ce maka kujera ta zamaninta ce, bai gaya maka komai ba tukuna. An yi kujeru ba iyaka a waɗannan shekarun, galibi a masana'antu, kuma da yawansu yau ba su fi kuɗin sabuwa ba. Waɗanda ake rububi a kansu 'yan kaɗan ne, kuma suna da asali.

Babban baje kolin Landan na 1851 ya cika da kayan ɗaki masu nauyi, sassaƙa ta ko'ina, furanni da ganyaye da kawunan dabbobi, har mutum ya rasa inda zai ɗora hannu. Wasu matasan masu zanen gine-gine suka ga abin ya wuce gona da iri. Daga shekarun 1860 zuwa na 1880 suka fito da wani salo da 'yan kasuwar lokacin suka riƙa talla da sunan "Art Furniture", ma'ana kayan ɗakin da wani gwanin zane ya tsara da kansa, mai tsabtar layi, wanda haɗin katakonsa ba ya ɓuya a bayan ado. A fannin kujera mai hannu, gidaje uku ya kamata idonka ya sani.

Na farko gidan William Morris, shahararren mai zanen ado. Shi da abokansa suka kafa kamfaninsu a 1861, ya koma Morris & Co. a 1875, bai rufe ba sai 1940. Kujerarsu da ta fi yaɗuwa ita ce Sussex, siririya mara nauyi, ta katakon bic (wani itacen Turai mai hasken launi) da aka rina baƙi, mazauninta saƙar wata doguwar ciyawar kogi ce da ake murɗawa kamar igiya. Alamarta ita ce sandunan da ke tokare hannaye ba sa tsayawa a kan mazauni, suna ratsa shi su sauka su shiga wata sanda da ke ƙasa. Ba kujerar masu kuɗi ba ce a lokacinta. A kundin tallar kamfanin na wajen 1912, mai hannun sule 9 da kwabo 9 ce, marar hannu sule 7. Akwai kuma babbar kujerarsu mai kwantar da baya. Manajan kamfanin, Warington Taylor, ya ga irinta a 1866 wurin wani kafinta a yankin Sussex, Philip Webb, abokin Morris mai zanen gine-gine, ya gyara zanen. Bayanta na jingina ne da wata sanda da ake matsarwa gaba ko baya cikin ramukan da ke ƙarshen hannaye.

Na biyu Edward William Godwin, haifaffen Bristol a 1833, ya rasu a 1886. Kayan Jafan da suka fara kwararowa Turai a shekarun 1860 suka shiga ransa, sai ya riƙa zana kujeru da tebura baƙaƙe wuluk, masu siraran ƙafafu, babu sassaƙa ko ɗaya, kyansu duk a tsarin sanduna da sararin da ke tsakaninsu. William Watt na Landan ne ya fi yi masa aiki, ya kuma buga kundin zane-zanensa a 1877. Kamfanin Collinson & Lock ma ya yi wasu. Tun Godwin na raye ake kwafar kayansa ba izini, har shi kansa ya koka a rubuce. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na uku Howard & Sons na titin Berners a Landan. Su ba 'yan wancan salo ba ne sosai, jin daɗin zama suka sa gaba. A 1866 George Howard ya yi rajistar wata dabara ta ɗaure mazauni yadda zai riƙa lotsawa ta kowane gefe, kuma manyan kujerunsu masu zurfi, irin su Bridgewater, har gobe suna cikin mafi tsada a gwanjo. Ban da waɗannan, akwai masu salon tsoffin majami'u da katakon ok, irin zanen Bruce Talbert, da kuma tsohon gidan Gillows na Lancaster, amma in ka iya ukun nan sauran ba za su ba ka wuya ba.

Ka horar da idonka, ka haɗa kayan aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka taka gidan gwanjo, ka ga na gaske. In kana Ingila, gidan tarihi na V&A da ke unguwar South Kensington a Landan yana da kayan Godwin da na Morris, haka gidan tunawa da Morris a Walthamstow. Gidajen Standen da Wightwick Manor sun fi ma amfani a wurina, domin can za ka ga kujerun a ɗakunan da aka zauna a kansu, da irin cinyewar da zama ke yi. In kana nesa, V&A ta sa hotunan kayanta da awonsu a intanet kyauta. Ka kwafi tsawo da faɗi da zurfi a ɗan littafi, ka ƙirga sandunan baya, ka lura da inda kowace sanda ke shiga.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar tocila mai haske sosai, tef ɗin awo, gilashin ƙara girman abu, ɗan maganaɗisu, farar takarda guda, da waya mai ɗaukar hoto. Ka tafi da tsohon zane ko bargo da za ka shimfiɗa kafin ka kife kujera.

Ka ja da baya tukuna

Taku huɗu ko biyar ya isa. Ka dube ta daga gaba, daga gefe, daga baya. Shin hannayen biyu ɗaya ne a kauri da launi? Ƙafafun gaba sun dace da na baya? Kujerar Godwin ta gaske siranta har tsoro yake bayarwa. Masu kwaikwayo kan ƙara wa sanduna kauri don kada su karye, sai kujerar ta yi nauyi a ido. Ka auna tsawon mazauni daga ƙasa ka gwada da abin da ka rubuto. In ya gaza da inci ɗaya ko biyu, wataƙila an datse ƙafafun da suka ruɓe.

Sannan ka kife ta

Nan ne aikin yake. Ka nemi izini, ka kama ta ta katakon mazauni, kada ka ɗaga ta ta hannaye ko ta saman baya, ka kwantar da ita a hankali.

Fara da launin katakon da ba a shafa wa komai ba. Katakon da ya shekara 140 yana shaƙar iska da hayaƙin gawayi yakan yi duhu, launin ƙasa-ƙasa mai toka, bushe a hannu, kuma duhun ya game ko'ina har cikin lunguna. In ka ga gefe uku sun yi duhu ɗaya ya yi fari, an sauya shi. In duk ƙasan an shafe shi da wani ruwan kala, ka tambayi kanka dalili, domin kafintan da ba ya ɓarnar kala a inda ido ba ya kaiwa. Wanda ke son ɓoye sabon katako shi ne ke shafawa. Ka kai hanci ma. Tsohon katako ƙanshin ƙura yake, sabon gyara kuwa yakan yi warin fenti ko gam na tsawon watanni.

Sai sawun kayan aiki. A nan mutane da yawa kan yi kuskure, su ɗauka duk inda aka ga sawun injin to jabu ce. Ba haka ba ne. Zarto mai juyawa ya riga ya shiga shagunan Ingila a zamanin Biktoriya, don haka lanƙwasassun layukansa a ƙasan kujerar 1875 ba laifi ba ne. Abin da bai kamata ka gani ba shi ne 'yan ƙananan da'irori irin waɗanda injin samfefa na lantarki ke bari, ko katakon fala-fala irin na yanzu an toshe wani wuri da shi.

Ka duba sukurori da gilashinka. Na zamanin suna da tsaga ɗaya miƙaƙƙiya a kai, galibi na ƙarfe ne, kuma tsatsarsu kan bar baƙin zobe a katakon da ke kewaye da su. Wannan zoben shaida ce babba, domin shekaru ne ke yin sa. Sukuru mai kai kamar giciye bai yaɗu ba sai shekarun 1930. Ganin guda ɗaya ba ya kashe kujera, yana nufin an yi gyara ne a wurin, sai ka bincika me aka gyara. Haka 'yan ƙusoshin waya masu ƙafa biyu da ake harbawa da bindigar masu kushin, aikin bayan yaƙin duniya na biyu ne.

Gam ma yana magana. Na da daga fata da ƙashin dabbobi ake dafa shi, in ya bushe sai ya zama kamar ƙaro, launin zuma, yana farfashewa. Farin gam mai kama da roba, ko mai kumfa, sabon hannu ne. Wurin haɗa katako kuma, manyan gidaje sun fi amfani da haɗin mace da namiji, wato a fere bakin wannan ya shige ramin wancan. Kujerun masana'anta masu araha sun fi dogara da 'yan turakun katako zagayayyu. Ka ɗan girgiza kujerar a hankali ka ji inda take motsi. Ɗan motsi ba ya tayar mini da hankali, ana gyara shi. Kujerar da ta ƙame ƙam kamar dutse ita ce nake zargi an cika ta da gam na zamani wanda ba ya narkewa.

Yanzu tafin ƙafafu. Kujerar da aka ja a kan daɓe shekara ɗari ba za ta kasance da kaifin baki ba, gefunan sun zagaye, kuma ba daidai suke cinyewa ba. Sandar gaba da ake ɗora ƙafa a kanta takan lotse a tsakiya ko a wurare biyu, daidai inda dunduniya ke sauka. Mai yin jabu yakan bi ko'ina da samfefa har inda ba mahalukin da zai taɓa. Ka zauna a ranka ka ce, in ni ne a kai, ina hannuna zai kwanta, ina kaina zai jingina, ina tsintsiya za ta riƙa bugu? Cinyewar gaske a nan za ta kasance. Ka kuma murza yatsu a kan zagayayyar ƙafa. Katako yana tsukewa ta faɗinsa in ya tsufa, ba ta tsawonsa ba, don haka sau da yawa za ka ji ta ɗan yi siffar ƙwai.

Sai ramukan ƙwaro. Ƙwaron katakon Ingila yana barin rami zagayayye mai faɗin milimita 1 zuwa 2, kuma yana son bic ƙwarai. Ka shimfiɗa farar takardarka a ƙasa ka ƙwanƙwasa. In gari mai haske ya zubo kuma cikin ramin fari ne, yana nan da rai. In cikin ramin ya yi duhu, tsohon yayi ne. Abu biyu nake so ka lura da su musamman. Ƙwaron nan a cikin katako yake yawo, rami kawai yake hudawa ya fita. To in ka ga doguwar hanyarsa a buɗe a saman katako kamar an ja layi, an fere katakon ne bayan ya gama ɓarnarsa, wato an ɗauko tsohon katako an yi sabon aiki da shi. Na biyu, in baƙin fenti ya shiga cikin ramukan ya toshe su, an sake rina kujerar daga baya.

Wannan ya kawo mu kan baƙin kansa. Kusan duk baƙaƙen kujerun nan ba na itacen eboni ba ne, wato dangin kanyarmu. Bic ne ko mahogani aka rina, aka bi da shi da wani ƙaro mai suna shelak da ake narkarwa cikin sifirit. Tsohon rini yana da zurfi, ba ya ƙyalli kamar leda, kuma a kan hannaye da gefuna yakan koɗe har katakon ƙasa ya leƙo, fari-fari in bic ne, ja-ja in mahogani ne. Wannan koɗewar ita ce adon kujerar, masu saye na gaske kuɗi suke ƙarawa a kanta. In kujerar ta zama taka, ka jiƙa ɗan auduga da sifirit ka taɓa wani ɓoyayyen wuri: shelak zai yi laushi ya yi danƙo, fentin zamani ko gezau. Kada ka yi wannan a kayan mutane.

Abin da ke cikin kushin

Sifirin na murɗaɗɗiyar waya ya shiga kujerun Ingila ne bayan Samuel Pratt ya yi rajistarsa a 1828, shi ya sa kujerun zamanin suka yi zurfi da kumburi. Jerin aikin daga ƙasa zuwa sama shi ne: faffaɗan ɗamarori da aka saƙa a giciye, sifirin da aka ɗaure ɗaya bayan ɗaya da igiya, algarara, izgar doki da aka ɗinke bakinta da hannu har ta yi gefe mai ƙarfi, farin yadi, auduga, sannan yadin sama. Ka danna mazauni da tafin hannu ka kasa kunne. Izga tana ɗan ƙara, ƙuras-ƙuras, ta dawo a hankali. Soso shiru yake, ya dawo nan take.

Kada ka sa rai da yadin asali, da wuya ya kai yau. Amma in baƙin ƙyallen ƙasa ya ɗan yage, ka haska ciki ka dubi katakon da aka kafa yadin. Tsohuwar kujera za ka ga ramukan ƙusa jeri-jeri, na wannan gyara a kan na wancan, wani wuri har katakon ya zama kamar rariya. Kujerar da aka ce ta 1880 ce amma jerin rami ɗaya tal gare ta, kuma yadinta sabo, akwai magana. A kujerar Sussex kuwa, saƙar ciyawa abu ce mai ƙarewa, an saba sake ta, ba ta rage daraja sosai in an yi da ciyawar gaske. Wasu na maye gurbinta da igiyar takarda. Ka duba ƙasan saƙar: ciyawa tana da ƙulle-ƙulle da kauri mabambanta, takarda sumul take daga farko har ƙarshe.

Hatimi da lamba

Da gangan na bar wannan sai yanzu, domin wanda ya fara da neman suna yakan daina ganin sauran. Howard & Sons sukan buga sunansu da wasu lambobi a cikin ƙafar baya, da kuma kan 'yan tayoyin tagulla, kuma yadin cikinsu yana ɗauke da haruffan H da S. Sun zama kamfani mai "Ltd" a 1899, to in ka ga waɗannan haruffa uku, kujerar ta ƙarshen zamanin ce ko bayansa. Gillows sukan buga suna a katakon mazauni, wani lokaci ma'aikacin ya sa hannu da fensir. William Watt yana da 'yar lamba mai ƙyalli da yake kafawa a wasu kayansa. Kujerun Sussex na Morris galibi ba su da hatimi ko kaɗan, kuma wasu kamfanoni, har da Liberty, sun sayar da irinsu.

Akwai wata alama mai siffar lu'ulu'u, kusurwa huɗu da ɗan da'ira a sama, wadda ke nuna an yi wa zane rajista tsakanin 1842 da 1883. Lambar da ke cikin da'irar ajin kaya ce, I ƙarfe, II katako. Harafin shekara yana kusurwar sama har zuwa 1867, daga 1868 ya koma kusurwar dama. Daga 1884 aka daina lu'ulu'un aka koma rubuta "Rd", wato an yi rajista, da lamba. Takardun rajistar suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan. Ka sani dai ranar rajistar zane ce take nunawa, ana iya yin kujerar shekaru bayan haka. Wata dabara kuma: a adireshi, unguwannin Landan ba su samu lamba a bayan harafin shiyyarsu ba sai 1917. Takardar shago da aka liƙa wa kujera mai "W." kawai a adireshinta tana iya zama tsohuwa, mai "W.1" ba ta Biktoriya ba ce.

Taya ana cire ta daga wannan kujera a ɗaura wa waccan, takarda ana ɓamɓaro ta a liƙa. Ka duba ko akwai tsoffin ramukan sukuru a gefen tayar da ba su dace da ita ba, ka sa maganaɗisu ka ji ko tagullar gaske ce ko ƙarfe aka wanke. Suna sai ya yi daidai da abin da katako ya riga ya gaya maka kafin ka yarda da shi.

Ka tuna kukan Godwin. Kujera na iya zama tsohuwa ta gaske, ta 1880, baƙa, siririya, ta ci duk jarrabawar da na lissafa, amma ba daga shagon Watt ta fito ba. Garin High Wycombe kaɗai cike yake da masu yin kujerun bic a lokacin, kowa na bin abin da kasuwa ke so. Irin wannan ba jabu ba ce, 'yar zamaninta ce, kuma ni ina sonta, sai dai kuɗinta ba ya kusa da na mai asali. Haka abin da Amurkawa ke kira kujerar Morris, manya-manya na katakon ok irin na Gustav Stickley da masu binsa daga farkon shekarun 1900: sunan kawai suka ara.

Ranar ciniki

Ka karanta bayanin gidan gwanjo kalma-kalma. In sun rubuta "by" kafin sunan mai yi, sun tsaya a kai. "Attributed to" na nufin suna kyautata zato. "In the manner of" ko "style" na nufin kama ce kawai, kuma mai yiwuwa ba ta ma zamanin ba. Ka nemi rahoton lafiyar kaya a rubuce, ka tambayi daga wane gida ta fito. Tsohon rasit ko hoton ɗakin da take ciki ya fi dogon labarin dillali.

Na taɓa yin cinikin biri a sama. Kujerun Sussex biyu na gani a hoto a wani ƙaramin gwanjo a arewacin Ingila, hoto ɗaya daga gaba, na saya ban nemi ƙari ba. Da suka iso na kife su, ɗaya lafiyayya ce. Ɗayar kuwa hannayenta biyu sababbi ne, an ɗaure su da sukurori masu giciye an toshe kawunan da baƙin kaki, kuma sandunan ba su ratsa mazauni ba. Marar hannu ce aka mayar mai hannu don ta yi kuɗi. Abin ya yi mini ciwo, domin an huda kujerar da ba ta yi wa kowa laifi ba. Tun daga ranar, in ba zan iya zuwa ba, hoto shida nake nema: ƙasa gaba ɗaya, cikin ƙafafun baya, tafin ƙafa, inda hannu ya haɗu da baya, inda ya haɗu da mazauni, da kowane rubutu.

Ka yanke iyakar kuɗinka tun a gida, ka tuna la'adar gidan gwanjo takan kai kashi 25 cikin 100 ko fiye a kan farashin da aka buga guduma, ga haraji a kan la'adar, ga kuɗin dako. In za ka fitar da ita daga ƙasar, ka tabbatar da irin katakon. Katakon rozwud na Barazil yana ƙarƙashin tsattsauran matakin CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, tun 1992, sauran danginsa suka shiga a 2017, kuma kwastan na iya riƙe kaya in babu takarda. In akwai adon hauren giwa, dokar Birtaniya ta 2018, wadda ta fara aiki a 2022, ta hana ciniki sai abin da aka yi kafin 1947, wanda hauren bai kai kashi 10 cikin 100 na jikinsa ba, kuma aka yi masa rajista.

Bayan ta shigo gida

In ƙwaro na da rai, kada ka haɗa ta da sauran kayanka. Gidajen tarihi kan naɗe abu cikin leda ruf, su sa a firiza mai sanyin digiri 30 ƙasa da sifiri kwana 3, ko digiri 18 ƙasa da sifiri mako 2, sannan su bar shi ya huce a hankali kafin a buɗe ledar.

Wajen tsabtacewa, ka taƙaita. Burushi mai laushi, sai ƙyalle busasshe, sai kakin zuma ɗan kaɗan sau ɗaya a shekara, a bar shi ya sha iska a goge. Ban da ruwa, ban da man fesawa na kanti, ban da samfefa. Roƙona a nan shi ne kada ka kai ta wurin mai yin kushin na zamani ka ce ya sabunta ta. Zai yage izgar ya zubar, ya cusa soso, ya harbe tsohon katakon da ƙusoshin bindiga, ya fesa mata fenti mai ƙyalli, cikin yini ɗaya ya share abin da shekara 140 suka tara. Izga ana wanke ta a shanya a mayar. Haɗin da ya saki ana buɗe shi da ruwan ɗumi a sake ɗaure shi da gam na fata, yadda wanda zai zo bayanka ma zai iya buɗewa. In dole a sauya yadi, ka ce a bar na ciki in yana nan, ka yanki ƙyalle daga kowane tsohon yadi da aka tarar, ka sa a ambulan tare da rasit da hotunan da ka ɗauka kafin gyara.

Wanda zai kawo ta ƙasar Hausa yana da ƙarin aiki. An yi kujerar nan ne don iskar Ingila mai laima, kuma gidajen tarihi na ƙoƙarin riƙe laimar ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Hunturun Kano ko Damagaram yakan saukar da ita ƙasa da kashi 20. Katako zai tsuke, gam zai ƙame, ciyawar mazauni za ta yi ƙaras. Ka ajiye ta a ɗakin ciki, nesa da taga da rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki, ka sa kwanon ruwa mai faɗi a kusa ko injin ƙara laima in kana da hali. Kada ta jingina da bango, kuma ka riƙa duba ƙarƙashinta saboda gara, wadda ba ta san bic ba amma ba za ta ƙi shi ba. In wata ƙafa ta fara motsi a watan Janairu, ka hana a zauna a kai, kada ka taɓa gam ko ƙusa. Ka jira ruwa ya sauka, wajen Yuli ka sake girgiza ta. Sau da yawa za ka tarar katakon ya sha laima ya kumbura, haɗin ya koma ya kama da kansa, wanda bai kama ba shi za ka kai wa mai gyara.